Yaronku na Son Yin Katun? Ga Abin da Yake Buƙata Kafin Ku Kashe Kuɗi

Da wuya a rasa irin wannan yaro a gida: bayan littafin lissafinsa cike yake da zanen motoci, dawaki da 'yan ƙwallo, ko kuma yarinyar da ba ta barin farar takarda ta kwana ba ta zana mata fure ko amarya ba. A da, ƙarshen lamarin shi ne malami ya ja masa kunne a aji. Yanzu kuwa ya ga katun a waya, ya ji cewa mutane ne irinsa suke yi da kwamfuta, sai ya tunkare ku da buƙata: a saya masa laftof.

A nan iyaye kan rabu biyu. Wasu su ce shirme ne, su rufe maganar. Wasu kuma su ci bashi su sayo na'ura mai tsada, bayan wata biyu ta koma abin kallon fim da buga gem. Duka biyun asara ce, ɗaya ta baiwar yaro, ɗaya ta kuɗin gida. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ba na'ura ce ke yin katun ba. Haƙurin mai zane da fahimtarsa ta yadda abubuwa ke motsi su ne jarin farko, kuma ana iya gwada su da wayar da ke hannunku yanzu. Sayayya tana zuwa ne daga baya, idan aikin da kansa ya nuna yana buƙatarta.

Yaya zane yake motsi?

Babu zanen da ke motsi. Abin da ake yi shi ne a jera hotuna da yawa, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, a riƙa nuna su da sauri har ido ya ɗauka abu ɗaya ne yake tafiya. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen katun da hannu sukan rage wa kansu wahala, su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma ido yana karɓar hakan lafiya lau.

Ku yi lissafin da kanku. Katun na daƙiƙa goma yana cin zane 120. Minti ɗaya, zane 720. Idan kowane zane ya ɗauki yaro minti biyar, daƙiƙa goman nan aikin awa goma ce. Wannan lissafi ya fi kowace shawara amfani, domin shi zai nuna muku dalilin da ya sa yaron da ya ce zai yi fim na rabin awa a hutun makaranta yake karaya a mako na farko.

Sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1908 wani Bafaranshe mai suna Émile Cohl ya yi gajeren fim ɗinsa Fantasmagorie da zane kusan 700, duk da hannu. Kamfanin Disney na Amurka ya fitar da Snow White a 1937, shi ma zanen hannu ne. Sai a 1995 aka ga dogon fim na farko da aka yi shi kacokan da kwamfuta, wato Toy Story na kamfanin Pixar. Ko a nan kusa da mu akwai magabaci: Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya kuma yi zama mai tsawo a Tawa, ya yi katun ɗinsa Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Ya kuma yi Kokoa, inda ya sa dabbobi kokawa irin tamu ta gargajiya. Ya rasu a 2015, ana lissafa shi cikin iyayen wannan sana'a a Afirka. Kayan aikin da ya fara da su ba su kai rabin ƙarfin wayar da ke aljihunku ba.

Hanyoyi huɗu da ake bi

Kafin a yi maganar abin da za a saya, sai an san wace hanya yaron yake so, domin kowacce da kayanta.

Ta farko ita ce zana kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Ita ce uwa, kuma ita ta fi koyar da motsi. Ta biyu, a zana mutum sau ɗaya, a rarraba shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, a haɗa su da abin da ake kira ƙasusuwa, sai a riƙa juya gaɓoɓin kamar 'yar tsana. Yawancin katun ɗin barkwanci da kuke gani a Facebook da TikTok haka ake yinsu, saboda ya fi sauri. Ta uku ba ta buƙatar zane ko kaɗan: a ƙera abu da yumɓu ko kwali ko murfin kwalba, a ɗauke shi hoto, a ɗan matsa shi, a sake ɗauka, har a tara hotuna da yawa. Wannan ta fi dacewa da ƙananan yara. Ta huɗu ita ce 3D, inda ake gina mutum da ɗaki da haske a cikin kwamfuta kamar sassaƙa. Ita ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi cin kuɗi da lokaci, don haka ba da ita ake farawa ba.

Kayan aiki, mataki-mataki

Matakin farko bai wuce biro da ƙaramin littafi ba. Yaro ya zana ɗigo a kusurwar shafin ƙarshe, a shafin da ke gabansa ya zana shi ya ɗan matsa, haka har shafi talatin, sannan ya saki shafukan da babban yatsa. Ɗigon zai yi tafiya. Yaron da ya yi wannan ya ji daɗi har ya sake wani ba tare da an sa shi ba, shi ne ya cancanci mataki na gaba.

Mataki na biyu waya ce. Kusan kowace wayar Android ta zamani tana iya ɗaukar manhajar katun, kuma da yatsa ma ana zane. Akwai alƙalamin waya mai kan roba, mai araha, wanda yake sauƙaƙa riƙo, sai dai bai san bambancin dannawa da ƙarfi ko a hankali ba. Idan hanyar ɗaukar hoto yaron zai bi, abin da ya fi muhimmanci shi ne wayar ta tsaya cik. A jingina ta da littattafai ko a ɗaure ta a kan sanda, domin ko kaɗan ta goce, hoton zai riƙa rawa. Haske ma kada ya canza, shi ya sa fitila ɗaya a cikin ɗaki ta fi hasken rana da gajimare ke rufewa yana buɗewa.

Mataki na uku shi ne kwamfuta, kuma ba sai sabuwa ba. Laftof ta hannu mai RAM gigabait 4 tana iya ɗaukar ƙananan manhajojin zane, amma mai 8 ta fi kwanciyar hankali, musamman idan ma'ajiyarta irin SSD ce. A yanayin wutar lantarkinmu, lafiyar batir ta fi kyawun jiki. Ku sa mai sayarwa ya cire caja a gabanku ku ga yadda take riƙe wuta. Idan 3D ake nufi, to gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi, sannan ana son katin hoto na musamman, kuma a nan ne farashi yake tashi.

Abu na huɗu shi ne allon zane, wani faifai da ake haɗawa da kwamfuta ta USB, a yi zane a kansa da alƙalaminsa, zanen ya fito a fuskar kwamfuta. Fitattun masu yinsa su ne Wacom na Japan da Huion da XP-Pen na China. Amfaninsa shi ne yana jin nauyin hannu: a danna da ƙarfi layi ya yi kauri, a sassauta ya yi siriri, kamar fensir na gaske. Iri biyu ne, mai fuska da marar fuska. Mai fuska ya ninka ɗaya kuɗi sau da yawa, kuma mai koyo ba ya buƙatarsa. Marar fuska yakan ba da wahala a kwanakin farko saboda hannu na ƙasa ido na sama, amma ana sabawa. Da yawa daga cikinsu ma ana iya haɗa su da wayar Android da ɗan ƙaramin mahaɗi na OTG, don haka ku tambaya kafin ku biya, wataƙila ya ɗauke muku sayen laftof na wani lokaci.

Manhajoji: na kyauta sun isa

A waya, FlipaClip ita ce ta fi yaɗuwa ga masu zane ɗaya bayan ɗaya. Ana sauke ta kyauta, sai dai ta kyautar tana da talla, tana kuma buga tambarinta a jikin bidiyo. Ga masu ɗaukar hoton yumɓu da kwali akwai Stop Motion Studio.

A kwamfuta, Pencil2D ƙarama ce, ba ta da nauyi, ba ta da maɓallai masu rikitarwa, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Krita ta fi ta kayan fenti da burushi, an ƙara mata sashen katun tun 2016. Synfig ta ƙware wajen motsa gaɓoɓi. OpenToonz kuwa asalinta manhajar da kamfanin Studio Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita ce, aka sake ta kyauta a 2016, sai dai tana son mai ɗan gogewa. Domin gyaran murya akwai Audacity, ita ma kyauta.

Babbar yayarsu ita ce Blender. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya ƙirƙiro ta, da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karon Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshe ta domin ta zama ta kowa. Tana yin 3D, tana kuma da sashen zanen hannu. Duk wanda ke ganin abin kyauta ba ya kai wa ko'ina, ya dubi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa a cikin ambaliyar ruwa wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa. Da Blender aka yi shi, kuma shi ya lashe kyautar Oscar ta dogon katun a 2025, ya doke fina-finan manyan kamfanonin Amurka.

Akwai na kuɗi, irin su Toon Boom Harmony ta Kanada da Adobe Animate, waɗanda ƙwararru ke amfani da su. Mai koyo ba shi da buƙatarsu. Ku kuma yi hattara da masu ɗora wa yara irin waɗannan manhajoji na sata a shago. Bayan kasancewarsa cin haƙƙin wani, sau da yawa ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa.

Duk manhajar da aka ɗauka, abubuwa uku ne yaro zai fara nema a cikinta. Akwai layin lokaci, inda hotunan ke jere daga na farko zuwa na ƙarshe. Akwai shimfiɗu, wato kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora kan juna, bango a ƙasa, mutum a sama, yadda ba sai an sake zana bangon sau ɗari ba. Sai kuma abin da Turawa suka raɗa wa suna ɓawon albasa, wanda ke nuna inuwar zanen baya dishi-dishi a ƙarƙashin sabon shafi, domin mai zane ya san iya inda zai matsa. Wanda ya gane waɗannan ukun a FlipaClip zai gane su a Krita ko Blender. Saboda haka kada ku bari yaro ya riƙa tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan. Ya riƙe ɗaya har ya gama abu da ita.

Yadda aikin yake tafiya

Labari ne farko, kuma gajere. Jimla biyu ko uku sun isa: Gizo ya hango tulun zuma, ya zura kai, kan ya maƙale. Tatsuniyoyinmu cike suke da irin wannan, kuma babu wanda zai zo ya ce an saci fasaharsa. A nan kaka da gwaggo suna da abin bayarwa fiye da intanet.

Daga nan sai allon labari. A raba takarda gida shida ko takwas, a kowane gida a yi zanen gaggawa na abin da za a gani: nan Gizo daga nesa, nan fuskarsa kusa, nan tulun. Gyara a wannan mataki minti biyu ne, gyara bayan an yi zane ɗari kuwa kwana biyu ne.

Idan akwai magana, murya ake fara ɗauka kafin zane, domin baki ne ke bin sauti. Makirufon waya ya wadatar, a shiga ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka. Siffar baki kaɗan ce ake buƙata: a rufe wajen m da b da ɓ, a wangale wajen a, a zagaye wajen o da u, a shimfiɗe wajen i da e.

Sannan zanen motsi. Ba a farawa daga hoto na ɗaya a bi su a jere. Ana fara zana manyan tsayuwa: hannu a ƙasa, hannu a sama. Idan sun yi daidai sai a cike tsakaninsu. Duk wannan da zanen kara-zube ake yi, da'ira da sanduna kawai, a kunna a gani. Sai motsi ya gamsar sannan a bi da layi mai tsabta, a zuba launi, a sa bango. Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne su ɓata awa uku suna ƙawata hoto na farko, alhali saura 119.

A ƙarshe a haɗa sauti, a fitar da bidiyo a tsarin MP4. Idan na YouTube ne ko talabijin, a kwance, 1920 da 1080. Idan na sitatus ɗin WhatsApp ne ko TikTok, a tsaye. Wannan shawara tun kafin zanen farko ake yanke ta.

Darasin ƙwallo

Kusan duk inda ake koyar da wannan sana'a, da ƙwallo mai tsalle ake farawa, kuma da dalili. A 1981 wasu tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka fitar da littafin The Illusion of Life, inda suka tsara ƙa'idoji 12 na motsi. Ƙwallo ɗaya tana koyar da mafi muhimmancinsu.

Idan ƙwallo tana sama, tafiyarta a hankali take, don haka zanukan suna kusa da juna. Idan tana faɗowa tana ƙara sauri, sai tazararsu ta buɗe. Da ta bugi ƙasa sai ta ɗan baje, da ta tashi sai ta ɗan miƙe, amma girmanta bai canza ba. Kowane tsalle kuma bai kai na baya tsawo ba. Da tazara kaɗai ake bambanta balan-balan da dutse, ko da da'ira iri ɗaya aka zana. Bayan ƙwallo sai jela ko tuta a iska, sannan tafiyar mutum, wadda ta fi wuya fiye da yadda ake zato: mai tafiya ta yau da kullum yana yin kusan taku biyu a daƙiƙa, jikinsa yana sauka yana tashi a kowane taku.

Wannan darasi ba a waya kaɗai ake koyonsa ba. Ku sa yaro ya tsaya ya kalli yadda akuya ke duƙawa kafin ta yi tsalle, yadda mai daka ke ɗaga taɓarya kafin ta sauke, yadda babbar riga ke ci gaba da kaɗawa bayan mai ita ya tsaya. Mai katun mai kallo ne kafin ya zama mai zane.

Naku aikin, iyaye

Ku yanka masa lokaci. Aikin yana cinye awoyi ba a sani ba, kuma bai kamata ya shiga lokacin salla, Islamiyya, aikin gida ko barci ba. Likitocin ido suna ba da shawarar duk bayan minti 20 a ɗauke ido daga fuskar na'ura a kalli nesa na daƙiƙa 20. Ku koya masa adana aiki a kai a kai, da ajiye kwafi a filashi, domin babu abin da ke kashe gwiwar yaro kamar a ɗauke wuta da aikin mako guda.

Ku kula da inda yake koyo da inda yake sakawa. Darussan kyauta suna da yawa a YouTube, kuma sauke su sau ɗaya ya fi sauƙin data a kan maimaita kallo. Amma yawancin shafukan sada zumunta ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba. Idan ƙarami ne, aikinsa ya fita ta hannunku, ba tare da sunan makarantarsa ko unguwarsa ba.

Akwai kuma tambayar da gidaje da yawa za su yi, ta hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayanai a kai, akwai saɓani a wasu ɓangarorin, musamman abin da ya shafi yara da koyarwa, don haka ku tuntuɓi malamin da kuka amince da iliminsa. Ko wane matsayi kuka ɗauka, ƙofar ba ta rufe ba. Ana motsa haruffa, lambobi, taswira, motoci da gine-gine, kuma irin wannan aiki ne ake nema wajen talla, darussan makaranta da saƙonnin kiwon lafiya.

Game da ko akwai abinci a ciki, akwai, amma ba da wuri ba. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja domin yaran Afirka su ga masu kama da su a katun. A 2024 Disney ta fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba, tare da kamfanin Kugali na matasan Afirka. Katun da ke magana da Hausa mai kyau har yanzu bai kai yawan yaran da ke jin harshen ba, kuma waɗanda za su cike wannan giɓi suna cikin gidajenmu.

Don haka idan ya sake zuwa da maganar laftof, kada ku ce a'a, kada kuma ku ce to. Ku ba shi aron waya na awa ɗaya a rana, ku ce ya kawo muku ƙwallo mai tsalle ta daƙiƙa biyar, bayanta kuma labari na daƙiƙa goma mai farko da ƙarshe. Idan ya kawo, ku tara 'yan gida a kalla tare, a yaba masa, a kuma faɗa masa inda bai fito ba. Yaron da ya zauna ya yi zane 120 don kansa ya riga ya amsa muku tambayar ko kuɗin allon zane zai tafi a banza.